Dutsen da Ke Kan Kabarin Baƙo

Karatu: Farawa sura 23, 35:19-20

Ɗan'uwa mai sauraro, idan ka taɓa bin hanyar arewa da Agadas, cikin duwatsun Azbin, ka ga tarin duwatsu nan da can a fili. Abzinawa suna kiransu idebnan. Kaburbura ne na mutanen da suka rayu tun kafin bishara ko Musulunci su iso ƙasar, waɗansu da dubban shekaru. Babu suna a kansu, babu kuma jikan da zai zo ya ce na kakansa ne.

To, ga tambaya. Idan matafiyi ya ɗebi duwatsun ya yi murhu, ko ya tona yana neman tsakiya da tukwanen da zai sayar wa baƙi, wa ya zalunta? Mamacin ba ya ji. Danginsa sun ƙare.

Wani zai ce ai arna ne. Amma ka ɗaga dutse ɗaya ka ji nauyinsa, sa'an nan ka ƙirga sauran. Mutane ne suka yi ta jigilarsu cikin rana domin kada kura ta taɓa gawar nasu. A Gobero, cikin Tenere, inda Paul Sereno ya ci karo da tsohuwar makabarta a 2000, an sami mace da yara biyu an kwantar da su suna rungume da juna, wajen shekara 5,000 ke nan, da alamar furanni a ƙarƙashinsu. Gaskiya su ma masanan tonawa suka yi, abin yana ɗan damuna, ko da yake ta hannunsu ne muka san da matar.

Ibrahim ya auna shekel 400 na azurfa ya sayi kogon Makfela don ya binne Saratu. Yakubu ya kafa dutse a kan kabarin Rahila a hanyar Baitalami. Baƙin cikin da ya sa Yakubu ɗaukar dutse shi ne ya sa mutumin Azbin. Dukansu a cikin kamannin Allah aka yi su, kuma mutuncin nan bai rataya ga wanda zai tuna da sunanka ba. Shari'arsu tana hannun Ubangiji, ba a ba mu ita ba.

Saboda haka ina gani an zalunci wani: wanda ya ɗora dutsen yana kuka, yana sa rai masu wucewa za su bar shi a inda ya ajiye shi. Yau mu ne masu wucewar.