Shin Hoton Sanarwa Zai Iya Zama Zalunci?



Jiya bayan la'asar a Ƙofar Mata, wani malamin jami'a makaho ya kawo mini kukansa. An ɗauki hoton takardar kiran taro, aka jefa a zauren WhatsApp na ma'aikata. Manhajar da ke karanta masa rubutu a waya ta ce "hoto" kawai, ta yi shiru. Taro ya wuce, aka ce shi ya yi sakaci.

To laifin wa? Wanda ya tura zai ce, "Ai ban yi da gangan ba." Haka ne. Rashin sani na iya ɗauke zunubi, amma ba ya ɗauke haƙƙin wanda aka cutar. Kuma ranar da ka sani, uzurinka ya ƙare.

Ku tuna Suratu Abasa. Saboda makaho guda, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, da ya zo neman sani, Allah Ya ja hankalin Fiyayyen Halitta (SAW). Nan Kano ma, marigayi Ɗan Masani, Yusuf Maitama Sule, ya rasa ganinsa, amma masu ido ne ke cika zaure don su saurare shi.

Tun 2019 Najeriya na da dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci. Mumini kuwa ba ya jiran doka.

Malam, in za ka tura sanarwa, buga ta da rubutu. In hoto ne, rubuta abin da ke ciki a ƙasansa. In saƙon murya ne, tuna da ɗan uwanka kurma. Minti biyu ne fa.

Allah Ya tsare mu da ɗaukar haƙƙin wani.