Wa Zai Yarda Ya Zama Na Ƙarshe?

  

A wannan mako muna so mu yi nazari ne a kan wata al'ada da ta samo asali daga ƙasar Ingila, wadda in mutum ya dube ta sama-sama zai ce ba ta wuce motsa jiki ba, amma in ya tsaya ya ƙare mata kallo sai ya tarar da tambaya mai nauyi a cikinta. Tambayar kuwa ita ce, idan jama'a suka kama hanya tare, masu ƙarfi da raunana, wane ne ya kamata ya ɗauki nauyin zama na ƙarshe?

Ga yadda abin ya faro. Ran Asabar, 2 ga watan Oktoba na shekarar 2004, wani mutum da ake kira Paul Sinton-Hewitt ya tara masu gudu 13 a wani babban filin shan iska na birnin Landan mai suna Bushy Park, suka yi gudun kilomita 5, watau mil 3 da ɗan ɗoriya. Shi kansa bai yi gudun ba saboda raunin da yake fama da shi, sai ya riƙe agogo yana auna lokacin kowa, bai kuwa karɓi ko anini daga hannun kowa ba. Da wata Asabar ta kewayo aka sake taruwa. Sannu a hankali abin ya bunƙasa, aka sa masa suna parkrun, har ya kai yau ana yin sa a ƙasashe fiye da 20, cikinsu har da Afirka ta Kudu da Ostireliya, inda ya shiga a shekarar 2011. A Ingila da ƙarfe 9 na safe ake tashi. Mutum zai rubuta sunansa sau ɗaya tak, a ba shi lambarsa, daga nan duk Asabar ɗin da ya ga dama sai ya zo, ko ya yi gudu, ko sassarfa, ko tafiya kawai. Masu nuna hanya da masu riƙe agogo duk 'yan sa kai ne, ba a biyansu.

Abin da ya ja hankalina shi ne wani aiki guda daga cikin ayyukan 'yan sa kan nan. A kowane gudu akan sami wanda zai sa 'yar riga mai ruwan goro, ya tsaya can bayan kowa da kowa. Bari mu kira shi mai rufa baya. Ba ya wuce kowa. In tsoho ya tsaya yana haki, shi ma sai ya tsaya. In mace mai tura jaririnta a keke ta rage sauri, shi ma sai ya rage. Wani lokaci ma shi wannan mutum gwanin gudu ne, wanda da ya so da tuni ya gama ya koma gida, amma sai ya shafe awa guda ko fiye yana takawa a hankali, domin dai in an zo rubuta sunaye, sunansa ne zai zo a ƙasa. Ta haka ne babu wanda ya fito don gudun da zai koma gida a matsayin na ƙarshe, domin an riga an sami wanda ya ɗauki wannan matsayi da yardar ransa.

Kada mai karatu ya raina wannan. Mu duka mun san irin nauyin da ke cikin zama kurar baya. Mutane da yawa ba rashin ƙarfi ne ya hana su fara abin alheri ba, tsoron idon jama'a ne. Mai ƙiba da likita ya ce masa ya riƙa motsa jiki yana tsoron dariya. Dattijon da bai yi karatu da ƙuruciya ba yana jin nauyin zama cikin yara da allo. Wanda aka sallamo daga asibiti yana jin kunyar a ga yadda ciwo ya mai da shi. Kowannensu yakan gwammace ya zauna a gida da a nuna shi a ce ga na ƙarshe nan. Saboda haka wanda ya ɗauke wa mutum wannan kunya ya buɗe masa ƙofar da ta daɗe a rufe.

To, amma wani zai iya cewa, ashe wannan ba yaudara ba ce? Ai kowa ya san wanda ya fi kowa nawa, ko an sa wani a bayansa ko ba a sa ba. Kuma in aka nuna wa mutane cewa na gaba da na baya duk ɗaya ne, ashe ba a kashe himma ba? Wannan magana tana da ƙarfi, bai kamata a yi watsi da ita ba, domin al'ummar da ta daina girmama ƙwazo ta kama hanyar lalacewa, kuma tausayin da aka gina a kan ƙarya ba ya ɗorewa.

Amsa ita ce a wannan gudu ba a ɓoye wa kowa gaskiya. Ana rubuta lokacin kowa daidai, a aika masa, ya ga ko ya ci gaba ko ya ja baya. Mai sauri yana sakin ƙafa iyakar ƙarfinsa, ba wanda ya riƙe shi. Abin da aka kawar shi ne wulakanci da kaɗaici, watau mutum ya waiwaya ya ga babu kowa a bayansa, ya iso ya tarar an naɗe kaya an watse. Gaya wa mutum matsayinsa gaskiya ce, amma barinsa shi kaɗai a hanya saboda matsayin nan rashin imani ne, kuma ana iya yin na farko ba tare da na biyu ba.

Addininmu bai hana tsere ba. Imam Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta wuce shi, bayan wani zamani kuma da jikinta ya yi nauyi suka sake, shi ya wuce ta. A cikin Bukhari kuma an ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa an yi sukuwar dawaki a Madina da umarnin Annabi, inda dawakin da aka horar suka taso daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuwa aka ba su gajeriyar hanya, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Dubi wannan hikima. An bar tsere a matsayinsa na tsere, amma ba a ɗora wa kowa abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Sa'an nan ga abin da ya fi kusa da maganarmu. Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, ya ba da labari cewa a wajen tafiya Manzon Allah yakan ja baya da gangan, yana ƙarfafa mai rauni, yana goya wanda ya gaza a kan abin hawansa, yana yi musu addu'a. Shugaban ayari ke nan, wanda babu mai ja da shi in ya ce shi ne a gaba, amma ga shi can cikin ƙurar da na gaba suka tayar. Haka nan da Mu'azu ɗan Jabal ya tsawaita karatu a sallar isha'i har wani ma'aikaci da ya wuni yana wahala ya fice daga sahu, Mu'azu aka yi wa faɗa, aka kuma hori limamai su sassauta saboda tsoho da mai rauni da mai uzuri. Alhali kuwa mai salla shi kaɗai an bar shi ya tsawaita yadda ya so. Watau abin da ka ɗora wa kanka kana iya tsananta shi, amma abin da ya haɗa ka da jama'a ana auna shi ne da ƙarfin mafi rauninsu.

Wannan ne ma ya sa zaman gudun kyauta yake da muhimmanci. A shekarar 2016 wata ƙaramar hukuma kusa da birnin Biristol ta yanke shawarar a riƙa biyan kuɗi kafin a yi gudun a filin Little Stoke, bisa hujjar cewa ƙafafun masu gudu suna cinye hanyoyin filin, gyara kuwa sai da kuɗi. Hujjar ba ta banza ba ce. Amma masu shirya gudun suka ƙi, suka gwammace a daina yin sa a wannan fili, haka kuwa aka yi. Sun rasa wuri, amma sun gane cewa ran da aka kafa mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa, gwanin gudu zai biya ya shiga, wanda zai fasa zuwa shi ne mai ƙaramin ƙarfi da mai shakkar kansa, su ne kuwa waɗanda mai rufa baya yake tsayawa dominsu.

Musulmin da ke zaune inda ake wannan gudu, in ya kiyaye suturarsa da mutuncinsa da lokacin sallarsa, to ya kula da jikin da Allah Ya ba shi amana, ya kuma san maƙwabtansa. Amma ina yi masa nasiha da ya gwada sa rigar nan mai ruwan goro ko da sau ɗaya ne. A nan zai gane halin zuciyarsa. Gudu a gaba yana da daɗi, ana tafa maka, ana ambaton sunanka, riya kuwa tana samun ƙofa cikin sauƙi. A baya babu mai kallo sai wanda kake rakiya da Allahn da Ya halicce ku.

Mu kuma da ba mu da irin wannan fili, tambayar ba ta bar mu ba. Malamin da ke da ɗalibai 60 a aji, da 5 na gaba yake tafiya ko yana waiwayen na baya? Maigidan da ke alfahari da ɗansa mai ƙwazo, yaushe rabonsa da ya zauna da wanda ya faɗi jarrabawa? 'Yan'uwan da Allah Ya buɗa wa, wa suka wakilta ya tsaya da wanda kasuwa ta karye masa? Kowace tafiya tana da na ƙarshe, wannan ba makawa. Abin da ya rage gare mu shi ne mu zaɓa, ko mu bar wannan matsayi ya faɗa kan wanda ba shi da yadda zai yi, ko kuwa wani mai ƙarfi daga cikinmu ya ɗauka don Allah.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu zama masu waiwayen na baya, Ya kuma haɗa mu da mai jiranmu ran da ƙafafunmu suka gaza. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.