Haƙƙin Dabba A Kan Wanda Ya Tsare Ta

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, da zarar an gama girbin masara da auduga, manomi kan zuba ɗan abin da ya samu a kiwo. Sau da yawa akurki ɗaya ne ke ɗaukar kaji da agwagi da talo-talo. To, idan wani ya hallaka wani a ciki, alhakin yana wuyan wa?

Mai kiwo zai ce shi bai yanka ba, bai doka ba, dabba ce ta cuci 'yar'uwarta. Amma a lura, a daji mai rauni yana da makami guda, wato gudu. Wanda ya kewaye shi da bango ya ƙwace masa wannan makami. Saboda haka babbar tarwada da ta haɗiye ƙananan karfasa a kududdufin kiwo halinta ta bi, mai laifi shi ne wanda ya haɗa su.

Wata cutarwar ma ido ba ya ganinta. Agwagwa kan ɗauki murar tsuntsaye tana kiwonta lafiya lau, alhali cutar tana ƙarar da kaji. Kaza kuma kan ɗauki ƙwayar cutar da ke ɓata hantar talo-talo. Haka ya faru a Turai ga salamanda, wata 'yar dabba mai siffar ƙadangare amma dangin kwaɗo. Nau'o'in da ake shigowa da su daga Asiya don kiwon sha'awa suna jure wata cutar fata, na Holan kuwa ta kusa shafe wani nau'insu. A 2013 masana suka gano ta, a 2016 Amurka ta hana shigo da nau'i 201.

Shari'a ba ta hana tsare dabba ba, sharaɗi ta gindaya. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Abu Dawuda kuma ya ruwaito hanin haɗa dabbobi faɗa. Wanda ya san ɗaya za ta ci ɗaya, ya rufe su tare, bai yi nisa da wannan hani ba.

Ba kowace haɗuwa ce zalunci ba. Kaza tana ƙyanƙyashe ƙwan zabo, ta rene su ba tare da cutarwa ba. Ma'aunin dai shi ne sanin halin kowace dabba kafin a haɗa.

Rashin hali uzuri ne, amma zana guda ta isa raba akurki biyu. A ware wa kowa mazubin ruwansa, a keɓe sabon saye na 'yan makonni. Wanda wannan ya gagare shi, ya rage kiwon zuwa abin da zai iya riƙe amanarsa.

Allah Shi ne Masani.