Darasi na Tara: Mutum Huɗu da Tabarma Ɗaya

Karatu: Markus 2:1-12, Galatiyawa 6:1-5, Yakubu 5:13-20
Ayar haddacewa: Galatiyawa 6:2
Manufa: Mu koyi yadda za mu nema wa ɗan'uwan da giya ta ɗaure abokan da za su tsaya tare da shi.

Gabatarwa

A Kafarnahum akwai wani shanyayye wanda ƙafafunsa ba su iya kai shi wurin Yesu ba. Sai mutum huɗu suka ɗauke shi a kan tabarmarsa. Da taro ya hana su shiga, suka buɗe rufin ɗaki, suka zura shi gaban Ubangiji. Mu lura, Yesu ya dubi bangaskiyar masu ɗaukarsa ma.

1. Shanyayyen da ke cikinmu

Mu mutanen Mubi mun san irin wannan mutum. Ranar kasuwa yakan sayar da buhun gyaɗa, kafin magariba kuɗin ya ƙare a gidan burkutu. Da safe ya rantse ya daina, da yamma ƙafarsa ta koma. A watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka kama Mubi da hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Kwarhi, jama'a suka watse cikin duwatsu har Kamaru. Waɗansu sun komo da nauyin zuciya, suka shiga neman barci a cikin ƙwarya. Faɗa da gori ba sa tashe su, gama kunya takan ƙara kora mutum zuwa ga abin shansa. Manzo Bulus ya umarce mu mu maido da wanda ya faɗi da tawali'u, muna kula da kanmu.

2. Yadda mashayi ɗaya ya nemi ɗan'uwansa

A shekara ta 1935 wani Ba'amurke mai suna Bill Wilson, wanda bai daɗe da barin sha ba, ya je birnin Akron kan ciniki, cinikin kuwa ya lalace. Sha'awar giya ta taso masa a masauki. Sai ya buga wa wani limamin ikkilisiya waya, yana neman wani mashayi da za su yi magana. Ta haka ya sadu da likita Bob Smith. Daga su biyun nan aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato taron mashaya inda ba a bayyana sunan kowa a waje. Abin da suka gane ke nan: wanda ya taɓa kwanciya a kan tabarmar ya fi kowa sanin yadda ake ɗaukarta.

3. Yadda za mu nemi irin wannan taro

Na fari, a gaya wa mutum ɗaya mai riƙon asiri: fasto, ko dattijon ikkilisiya, ko shugabar Zumuntar Mata. A tambaye shi ko ya san waɗanda suka bar sha suna taruwa.

Na biyu, a je asibiti. Wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, in ya daina farat ɗaya, yana iya kamuwa da rawar jiki, da farfaɗiya, da ruɗewar hankali cikin kwana biyu ko uku, har ma ya rasa ransa. Saboda haka lalle likita ya duba shi tukuna. A can kuma a tambayi ma'aikata inda masu irin wannan fama suke saduwa.

Na uku, a gwada taron. Taro nagari ba ya neman kuɗin shiga, ba ya ɗaure kowa da mari, ba ya alkawarin warkarwa cikin dare ɗaya. Abin da aka faɗi a ɗaki, a ɗaki yake tsayawa.

Na huɗu, in ba a samu ba, a fara. Ran 17 ga Maris 1923 aka yi sujada ta fari a Garkida a gindin tsamiya, ba gini, ba ƙararrawa. Mutum biyu sun isa. Su sa rana da sa'a kowane mako, kowa ya faɗi gaskiyar halinsa, su yi wa juna addu'a kamar yadda Yakubu ya koya mana. Maƙwabci da ya zo, Kirista ko Musulmi, a ba shi wurin zama. Wanda ya sāke faɗuwa kuma, kada a rufe masa ƙofa.

A ƙarshe mu tuna, mutumin ya koma gida da ƙafarsa, yana ɗauke da tabarmarsa. Mu za mu kai ɗan'uwa, amma ba za mu biya masa bashin gidan giya ba, ba kuwa za mu yi ƙarya domin mu rufe shi ba.

Tambayoyi

1. Wane irin taro ne yake tare wa mashayi ƙofar ikkilisiyarmu yau?
2. Ta yaya za mu daidaita aya 2 da aya 5 na Galatiyawa 6?
3. Wa za mu kai wa wannan magana kafin Lahadi mai zuwa?

Addu'a

Ya Ubangiji, ka ba mu hannuwan ɗauka da bakin riƙon asiri. Ka ba ɗan'uwanmu ƙarfin yau, gobe kuma ka ƙara masa. Cikin sunan Yesu Kristi, Amin.