Ruwan Da Kifi Ya Tashi A Ciki



Duk wanda ya saba shiga kasuwar Chow Kit ya san jar karfasar da ake jibgewa a kan ƙanƙara. A Penang ma akwai hedkwatar cibiyar WorldFish, wadda ta daɗe tana aikin inganta irin wannan kifi. Suratun Nahli, aya ta 14, ta lissafa naman da muke ci daga teku cikin ni'imomin Allah, don haka yin tunani a kansa ibada ne.

Namijin karfasa ya fi mace saurin girma, domin ita tana renon ƙwai a bakinta, ba ta samun cin abinci. Abin mamakin shi ne, idan aka ɗaga zafin ruwa zuwa kusan digiri 36 a makonnin farko na rayuwar 'ya'yan, da yawa daga waɗanda aka halitta da tsarin mata sai su tashi maza. A 2011 masu bincike a Basalona suka nuna yadda irin wannan ke faruwa a wani kifin teku: zafi yana sa wasu ƙananan sinadarai su manne a kan ƙwayar gadon da ke samar da sinadarin mace, su rufe ta. Rubutun gadon bai sauya ba. Karanta shi aka hana. A aikinmu na injiniya za mu ce zanen yana nan, makunni aka kashe.

Ba na cewa ɗan Adam kifi ne, kuma ba a auna imani a ɗakin gwaji. Amma hadisin fiɗira da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ɗora wa iyaye alhakin inda yaro ya karkata. Allah ne Ya ƙaddara sakamako, kuma Shi ne Ya ƙaddara sababi. Mai cewa “jininmu ne, ba zai ɓata ba” ya jingina da gado, ya manta da ruwa.

'Ya'yanmu a Gombak da Serdang suna jin kiran salla sau biyar, alhamdu lillahi. To wa suke gani ya tashi idan an kira? Wane harshe ake musu nasiha da shi, yaron da ya wuni da waya, uba na ɗakin bincike har dare? A karfasa, bayan waɗancan makonni zafi ba ya juya jinsi. Mu ƙofar tuba a buɗe take, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sanya su sanyin idanunmu. Amin.