Haye Jarrabawa Ko Sanin Karatu? Tambaya Ga Mai Neman Likitancin Haƙori

Tambayar da nake son mu tattauna a wannan fitowa, ya kai mai karatu, ita ce: shin ɗalibin da ya haddace amsoshi ya haye jarrabawa, ba tare da ya fahimci abin da ya haddace ba, ya zalunci wani? Bai saci amsa ba, bai sayi takarda ba, bai tura wani ya zauna masa ba. To ina laifinsa? Zan ɗauki misalin yaron da ke shirin karatun likitancin haƙori, domin kuwa a nan ne amsar ta fi fitowa fili.

Duk mai wannan buri a Nijeriya sai ya bi ta hannun hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Zai zauna jarrabawar Turanci da bayoloji da kemistiri da fiziks, tambayoyi 180 a cikin awa 2, a gaban kwamfuta, ana neman maki daga cikin 400. Wato kowace tambaya daƙiƙa 40 ke gare ta. Guraben kuwa kaɗan ne, ko a Jami'ar Bayero ta Kano, ko ta Maiduguri, ko ta Ibadan, masu nema kuma ga su nan birjik.

Saboda haka ɗalibi yana da hujja mai ƙarfi in ya ce: ba ni na tsara jarrabawar ba. An ba ni zaɓi huɗu, an ce in danna ɗaya cikin hanzari. Mahaifina ya sayar da hatsi ya biya kuɗin rajista, ba zai iya biya sau uku ba. In na tsaya bin diddigin kowane darasi, wanda ya haddace tsofaffin tambayoyi zai shige ni. Bugu da ƙari, ai akwai shekara 6 a jami'a, can za a sake koya mini komai.

Alal haƙiƙa wannan magana ba ta wasa ba ce, kuma malamin da ya hana ɗalibinsa bitar tsofaffin tambayoyi ya cuce shi, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. To amma mu dubi abin da ke cikin darussan nan da ake tsallakewa.

A kemistiri ana koyar da ma'aunin tsami da ake kira pH. Mai hadda ya san cewa 7 ne tsakiya, ya wuce. Mai fahimta kuwa ya san cewa ƙwayoyin cuta na baki suna mayar da sukari asid, kuma da zarar tsamin ya sauko wajen 5.5 sai farin ɓawon haƙori ya fara narkewa. Wannan shi ne asalin kogon da mutanenmu ke ɗora wa tsutsa. Wanda ya gane haka shi zai iya fahimtar da uwa dalilin da ya sa yaron da ke tsotsar alewa wuni guda ya fi shiga haɗari a kan wanda ya cinye tasa a zama ɗaya. A bayoloji ana koyar da yadda jini ke daskarewa, kuma ranar da aka cire wa dattijo haƙori jini ya ƙi tsayawa, babu zaɓi huɗu a rubuce a bango. A fiziks ana koyar da hasken da Röntgen ya gano a 1895, wanda da shi ake ɗaukar hoton saiwar haƙori, kuma yawansa yana da illa ga jiki. Hatta lissafin da ake rainawa, da shi ake auna allurar kashe zafi gwargwadon nauyin yaro.

Kenan duk darasin da aka tsallake bashi ne, sai dai ba ɗalibin ne zai biya ba. Mai biya yana can bai ma san an ci bashi da sunansa ba: wata mata da ta kwana uku ba barci saboda kumburin muƙamuƙi, ko yaro irin waɗanda ake kaiwa asibitin yara na Sakkwato da aka buɗe a 1999 domin cutar da likitoci ke kira noma, mai cinye naman baki da fuska. Mutum ya kishingiɗa ya buɗe baki ya rufe ido, ba ya iya magana balle ya tambayi likita makinsa. Amana ba ta wuce haka.

Batun cewa jami'a za ta gyara kuwa, gaskiya ne za ta sake koyar da darasin. Abin da ba za ta iya sakewa cikin sauƙi ba shi ne hali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba da karatun aku yana ɗan shekara 17, da shi zai shiga ɗakin gwaji, da shi zai tsaya a kan marar lafiya.

A ganina ma'aunin mai sauƙi ne, kuma ɗalibi shi kaɗai zai iya auna kansa da shi. Idan ya canki amsa ta zo daidai, me yake yi? Wani zai yi murna ya juya shafi. Wani kuwa zai sa mata alama, da daddare ya koma littafi ya nemi dalilin da ya sa ta zama daidai. A takardar sakamako makinsu ɗaya ne, kwamfuta ba ta iya bambance su. Amma na farko yaudarar kansa ya fara yi, wanda kuma ya saba yaudarar kansa, yaudarar wani ba ta yi masa wuya.

Don haka ga shawarata ga 'ya'yanmu da ƙannenmu: ku yi bitar tsofaffin tambayoyi, ku koyi sauri, ku nemi makin da ƙarfinku. Sai dai kada ku bar amsa ko ɗaya ta wuce ba ku san dalilinta ba. Mu kuma malamai da iyaye, bayan mun tambayi yaro maki nawa ya samu, mu ƙara da cewa ya bayyana mana abin da ya karanta da Hausa. In ya iya, ya sani. Allah ya ba su sa'a, ya kuma sa su zama masu riƙon amana.