Ko Mace Tana da Ikon Cewa a Sa Kwaroron Roba?

Ya ku 'yan'uwa, ga wata tambaya mai nauyi. Mutum ya yi wata shida a ci-rani, ya komo gida, matarsa kuwa tana tsoron ƙanjamau. Ko tana da ikon roƙonsa ya sa kwaroron roba? Mu dai mun ce tana da shi. Gama Manzo Bulus, cikin 1 Korintiyawa sura 7, ya ba mace iko bisa jikin mijinta daidai da nasa bisa nata.

Amma kwaroron maza a hannun miji yake. In ya ƙi, magana ta ƙare. Domin wannan aka yi murna da na mata, wanda Lasse Hessel, likita mutumin Danmak, ya ƙago, Amurka kuwa ta yarda da shi a 1993. Mace ce ke sa shi da kanta, ko da sa'a 8 kafin a kwanta. Ya fi na maza tsada, wajen hana ciki kuma bai kai shi ba.

Sai dai ba ya ɓoyuwa, gama zobensa na waje a fili yake. Miji zai gani, ya ce, "Ashe zargina kike yi?" Ko kuwa ya juya zargin a kanta, wannan kuwa ya fi muni. Saboda haka da mu maza ake magana. Matar da ta kawo shi ba ta fita daga biyayya ba, ranta take tsarewa, da na jaririn da za ta haifa. Wanda maganar ta yi masa zafi, sai ya ɗauke ta su tafi asibiti tare a gwada jininsu.